Injin waya ne ya kashe min ƙarfe, ko ban-ruwan ne bai yi ba?

Garba Mai Fanci:
Assalamu alaikum manyanmu. Ina da matsalar da ta hana ni barci kwana biyu, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka riga ni shan wuyarta.

Na haɗa fanci, wato ƙarafa biyu da ake bugawa a inji, namiji mai shiga da mace mai rami, don huda faranti mai kaurin milimita 2. Ƙarfen D2 ne, irin mai taurin nan da ake yin kayan yanka da hudawa da shi. Macen kaurinta milimita 30. Na gama huda ramukan noti, na kai aka ba ta ruwa (wato aka gasa ta a tanderu aka sanyaya don ta yi tauri), aka auna taurin ya tsaya tsakanin 60 da 61 a ma'aunin Rockwell C, sannan na kai wa masu injin waya, mai yanka ƙarfe da tartsatsin lantarki, suka yanke siffar a cikinta, suka kuma yanko min namijin daga wani curi. Da ido aikin ya fito tsaf, ba abin kushewa.

Ba mu yi sati muna bugawa ba bakin namijin ya fara ɓantarewa ƙanana-ƙanana kamar haƙoran zarto. Jiya kuma macen ta tsage, tsagar ta tashi daga kusurwar ciki ta miƙe har ramin noti. Wanda ya ba da ruwa ya ce wutar waya ce ta ƙona ƙarfen. Mai waya ya ce ruwan ne ya yi yawa. Ni ina tsakiya riƙe da asara. Dole in sake yin wani, amma ba na son in koma ramin da na fito. Da gaske ne yankan tartsatsi yana kashe ruwan ƙarfe?

Baba Isa:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Ni kafin in taɓa ganin injin waya da idona na yi fancin da har yau ana bugawa da su. Mukan yi macen ɓangare-ɓangare, a gurza kowanne a dutse, a haɗa su a ɗaure. Abin da wuta ta yanka bai taɓa kai abin da dutse ya gurza ƙarko ba. Ra'ayina ke nan, kuma na san yaran zamani za su taso min.

Nura Waya:
Ai kuwa mun taso Baba, amma da ladabi. Oga Garba, tambaya biyu kafin a yanke wa injinmu hukunci. Wane irin injin waya ne, mai wayar tagulla da ke wucewa sau ɗaya a zubar, ko mai wayar moli (ƙarfen molibdenum) da ke kai-komo a kan ganga? Sannan sau nawa wayar ta zagaya aikin?

Garba Mai Fanci:
Mai ganga ne, na ga wayar tana zuwa tana dawowa. Zagaye kuma ɗaya ne a iya sanina. Dama ana yin fiye da ɗaya?

Nura Waya:
To ga bakin zaren ɓantarewar namijinka nan. Zagayen farko na fasawa ne, da wuta mai ƙarfi ake yin sa don a wuce da sauri. Aikin fanci ba a barin sa haka. Ana komawa da wuta kaɗan-kaɗan a bi gefen sau biyu, sau uku, wani lokacin huɗu, kowane zagaye yana lashe abin da na baya ya bari. Mu "lasa" muke ce masa a wurin aikinmu. Tsofaffin injinan moli da yawa zagaye ɗaya suka iya, sababbin ne aka ƙara musu dabarar zagayawa da yawa. Wayarsu yawanci milimita 0.18 ce, tana gudun mita 8 zuwa sama a daƙiƙa, kuma da yake ita ɗin ce dai ake ta maimaitawa, tana ramewa a hankali. In mai injin bai auna ta ya gyara lissafi ba, awonka ma zai kauce.

Sadiq (ɗalibi):
Ku yi haƙuri in katse ku, ni mai koyo ne. Abin da ban gane ba tun farko: yaya wayar tagulla da zan iya lanƙwasawa da yatsa take yanka ƙarfen da zarto ma ba ya kama shi?

Injiniya Hadiza:
Sadiq, tambayarka ita ce ƙofar amsar Malam Garba, don haka ba katsewa ba ce.

Wayar ba ta yanka komai, don ba ta ma taɓa ƙarfen. Tsakaninsu akwai 'yar tazara ta gomiyoyin maikron (maikron ɗaya shi ne milimita a raba dubu), kuma ruwa ne cike da tazarar, ruwan da ba ya barin lantarki ya wuce cikin sauƙi. Injin yana ɗora volt tsakanin wayar da aikin har sai ruwan ya gaza riƙewa a wurin da suka fi kusa da juna, tartsatsi ya ratsa. Zafin wannan ɗan ɗigo ana ƙiyasta shi tsakanin digiri 8,000 da 12,000. Ba ƙarfen da ke jure wannan. Wurin ya narke, wani ɓangare ma ya zama tururi. Sai injin ya ɗauke wutar, kumfar da ta taso ta ruguje, ruwa ya kwashe narkakken ƙarfen ya daskarar da shi ya zama gari. Abin da ya rage a jikin aikin ɗan gurbi ne da ido ba ya gani. A maimaita haka sau dubun-dubata a daƙiƙa ɗaya, gurbi kan gurbi, shi ne abin da kake gani kamar yanka.

Shi ya sa tauri bai dami wannan inji ba. D2 ɗanye da D2 mai 60 kusan gudu ɗaya yake cin su. Abin da ya dame shi shi ne a wane zafi abu ke narkewa, da kuma yadda yake saurin watsa zafi cikin jikinsa. Alminiyam na narkewa a digiri 660, tangstan sai 3,422. Jan ƙarfe kuwa ga shi da laushi, amma yana kwashe zafi da sauri har tartsatsin ba ya samun cin sa sosai, dalilin da ya sa ake yin ilektirod da shi ke nan, wato abin da tartsatsin ke fitowa daga jikinsa zuwa aikin.

Yanzu ga wurin da maganar Baba ke da gaskiya. Ba duk abin da ya narke ruwa ke kwashewa ba. Wani yana sake daskarewa a jikin aikin nan take, cikin ƙiftawar da ba ta kai ƙiftawa ba. Wannan shi muke kira farin ɓawo, saboda idan aka yanka ƙarfen aka goge aka shafa masa asid aka duba a madubin ƙara girma, sauran jikin yana yin duhu, shi kuma ya tsaya fari. Yana da tauri sosai amma gautsi ne da shi kamar gilashi, kuma da yake ya tsuke lokacin hucewa alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya riƙe shi, a ɗaure yake tamau, sau da yawa da ƙananan tsagu a jikinsa. Ƙarƙashinsa akwai wani siririn layi da ya sake ɗaukar sabon ruwa ba tare da tempa ba (tempa ita ce mayar da ƙarfe tanderu bayan ban-ruwa don rage masa gautsi), ƙarƙashin wannan kuma akwai wanda zafi ya sassauta shi fiye da kima. Gaba ɗaya bayan yankan farko abin bai wuce 'yan maikron zuwa 'yan gomiya ba. Amma bakin fanci ai a wannan 'yan maikron ɗin yake aiki.

To Malam Garba, waya ba ta kashe ruwan curin ƙarfenka ba. Fatarsa ta ƙona, kuma ba a cire fatar ba.

Baba Isa:
Kun ji ko? Da na ce wuta tana ɓata ƙarfe an yi min dariya a ciki, yanzu ga shi Injiniya ta faɗa da manyan kalmomi.

Malam Tanimu:
Baba ai tarihin abin ma yana bayanka. Tun 1770 Joseph Priestley na Ingila ya lura tartsatsin lantarki yana cin ƙarfe. A 1943 kuma a Tarayyar Sobiyet aka ba wasu mata da miji, Boris da Natalya Lazarenko, aikin gano yadda za a hana tartsatsi cinye bakin makunnan tangstan. Hanawar ba ta samu ba, amma sun lura in aka nitsar da ƙarafan a cikin mai, cin yana tafiya a tsare, ana iya sarrafa shi. Daga nan suka haɗa inji da rizista da kafasita, kafasitar ta cika ta sauke, ta cika ta sauke, kowace saukewa tartsatsi ɗaya. A Amurka kuma kusan lokaci guda wasu mutum uku, Harold Stark da Victor Harding da Jack Beaver, suna fama da diril da taf (abin yanka zare a ramin noti) da ke karyewa cikin zubin alminiyam, su ma suka ɓullo da nasu. Na waya ya zo daga baya, a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin Agie na Suwizalan ya fito da nasa a 1969.

Baba Isa:
Wato cuta ce aka kasa magani aka mayar da ita sana'a. Na gode Malam, yau na samu abin tsokanar Nura.

Amma bari in dawo kan aikin yaron nan, don raha ba za ta biya masa ƙarfe ba. Injiniya, na yarda da ɓawonki a kan namijin. A kan macen ban yarda ba. Fatar da ba ta kai kaurin gashin kai ba ba za ta raba curin milimita 30 daga kusurwa har ramin noti cikin sati ɗaya ba, sai in dama akwai abin da ke jan ƙarfen daga ciki. An bar jaki ana dukan taiki. Garba, bayan an ba ta ruwa, sau nawa aka mayar da ita tanderu, kuma a wane zafi? Sannan tsakiyar macen, ka rage ta kafin ban-ruwa ko a cike ka kai?

Garba Mai Fanci:
A cike na kai Baba, ɗan ramin zura waya kawai na huda. Na ɗauka tunda waya za ta yanke ba amfanin in wahalar da kaina. Maganar tanderu kuma ban tambaya ba wallahi, ni dai na ce ina son 60 aka ba ni 60. Bari in kira shi.

Nura Waya:
Kafin ya dawo, ni shaida ne kan abin da Baba ke nufi. Akwai ƙarfen da kana cikin yanka za ka ga hanyar da waya ta bari tana matsewa a bayanta har ta cije wayar ta tsinke, wani kuma buɗewa yake. Waya ba ta tura komai, ba ta da ƙarfin turawa. Ƙarfen ne da kansa ke motsi. Sau biyu na taɓa jin ƙas a cikin tanki, in ɗago aiki in tarar ya tsage tun bai bar injin ba.

Garba Mai Fanci:
Na same shi. Ya ce sau ɗaya, a digiri 200, awa biyu. Ya ce haka yake yi wa kowa kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

Injiniya Hadiza:
Baba, na sallama maka wannan. Na tsaya kallon fata ka hango ciki.

Ba ƙarya mutumin ya yi ba, tempar digiri 200 tana ba D2 tauri 60 zuwa 61, kuma ga aikin da aka gama siffarsa kafin ban-ruwa, a ɗan gurza kawai bayan haka, tana wadatarwa. Matsalar ita ce zafin 200 ba ya sauke matsin da ban-ruwa ya ƙunsa a cikin curin. Waje ya riga ciki hucewa, kowane ɓangare yana jan ɗan'uwansa, amma da yake curin a cike yake, jan ya yi kunnen doki, shiru kake ji. Ranar da waya ta cire tsakiyar, an cire wa wani ɓangare abokin jansa. Matsin sai ya nemi inda ya fi rauni, kuma ba inda ya kai kusurwa mai kaifi da ke kallon ramin noti rauni. Ƙananan tsagun ɓawon nan su suka ba shi wurin farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan ƙadangaren dama yana ciki, hanyar fita yake nema.

Abin da masu sarrafa irin wannan ƙarfe ke ba da shawara ga duk curin da waya za ta ratsa bayan ban-ruwa shi ne tempa mai zafi, digiri 500 zuwa sama kaɗan, aƙalla sau biyu, a bar shi ya huce sosai tsakanin kowace. D2 yana da wata ɗabi'a: a wajen wannan zafin taurinsa yana sake hawa maimakon ya ci gaba da sauka, don haka za ka iya samun 58 zuwa 60. Ana ba shi ruwa ne daga wajen digiri 1,020 zuwa 1,050, kuma in tempa mai zafi za a yi, gara a kusanci na saman. Dalilin sau biyu kuwa: bayan ban-ruwa akwai wani kaso na ƙarfen da bai gama juyewa ba, ostenait muke ce masa. Tempar farko ce ke sa shi juyewa lokacin hucewa, ya zama sabon martensait, wato yanayin ƙarfe mai tauri da gautsi, ta biyun ita ke sassauta wannan sabon.

Bayan an gama yanka kuma, a sake mayar da aikin tanderu a zafin da ya gaza na tempar ƙarshe da kamar digiri 25. Wannan yana sassauta layin da ke ƙarƙashin ɓawon ba tare da ya taɓa taurin curin ba. Amma a lura, ba ya ɗinke tsagar da ta riga ta samu. Ita sai lasa ko dutse.

Kabiru Tula:
Ni ina ganin ana ta zagaye ne. Maki biyu na tauri ba wasa ba ne a fanci. In ka sauko 58 bakin zai dakushe da wuri. Me zai hana ya yi macen da kabaid ya huta gaba ɗaya?

Baba Isa:
Fancin da ya dakushe ana wasa shi a ci gaba da aiki. Wanda ya tsage fa, me ake yi da shi?

Nura Waya:
Oga Kabiru, kabaid ma yana da nasa ciwon a injin waya. Garin tangstan kabaid ne aka ɗaure da kobal, kuma in ya daɗe cikin ruwa da wuta a jikinsa, kobal ɗin yana zagwanyewa daga saman ya bar ƙwayoyin ba mai riƙe su. Ka ga aiki lafiya lau, ka fara bugawa baki ya rinƙa zubewa. Shi ya sa manyan injina irin na Mitsubishi da Sodick da Fanuc da Makino suke da wutar da ke juya fuska don hana wannan cin, wasu kuma a cikin mai suke yankawa maimakon ruwa. Wanda bai samu lasa ɗaya a D2 ba, ban ga yadda zai samu wannan kulawar a kabaid ba. Kuma kabaid ya fi D2 ƙin kusurwa mai kaifi nesa ba kusa ba.

Oga Garba, maganar kusurwa ma: me ka rubuta a zane?

Garba Mai Fanci:
Ban sa komai ba, kusurwa ce kawai mai digiri 90. Na ce a fitar min da ita da kaifi iya yadda za a iya.

Nura Waya:
To ya ba ka abin da ka roƙa. Waya zagayayya ce, ba ta iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi tsantsa, mafi ƙanƙantar lanƙwasar da za ta bari ita ce rabin kaurinta haɗe da tazarar tartsatsi, wato kusan milimita 0.1 a wayar 0.18. Wannan a wurin ƙarfe mai 60 kamar wuƙa ce. In kayan da kake hudawa za su karɓi lanƙwasar 0.5, ka sa 0.5. In za su karɓi 1, ka sa 1. Ka tambayi mai kayan, sau da yawa shi ma bai damu da kaifin ba, mai zane ne kawai bai sa komai ba. Ramin notin kuma ka janye shi daga saitin kusurwar.

Alhaji Bala Mol:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni ba waya nake yi ba, injin nitso gare ni, wanda ake sassaƙa ilektirod da siffar da ake so a nitsar da shi cikin ƙarfe a hankali. Mol ɗin roba nake yi, wato ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki ta ɗauki siffa. Abin da zan ƙara kan bayanin Injiniya shi ne a wajenmu ɓawon ya fi kauri, don tartsatsinmu na fasawa ya fi daɗewa a kunne, kuma da yake cikin mai muke aiki, ɓawon yana shan kabon daga man ya ƙara gautsi. Shi ya sa ba na yarda da ilektirod ɗaya. Na fasawa daban, na gamawa daban, wani aikin har uku. Girafait nake sa wa manyan ramuka don yana ci da sauri kuma ba narkewa yake ba, sai zafi ya haura digiri 3,600 yake tashi. Jan ƙarfe kuma in ana son fuska mai sheƙi. Mai mol ya ce min yana son VDI 30 (ma'aunin laushin fuska ne, ƙaramar lamba ta fi laushi), wannan aikin yini ne. Ya ce VDI 12, to ya kawo haƙuri, don kowane mataki na laushi da ragin wuta ake sayen sa, ragin wuta kuma lokaci ne.

Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne rami ya ƙi wankuwa. In garin ya taru wuri ɗaya, tartsatsin ya daina yawo, ya tsaya nan yana ci kamar wutar walda. Kafin ka ankara ya yi maka baƙin gurbi a mol ɗin da ka yi sati kana yi.

Tunda akwai masu koyo a nan, bari in faɗi wadda ta fi duka. Kada wanda ya zuba kananzir a tankin nitso don ya ga tsofaffi sun yi. Tururin kananzir yana iya kamawa tun daga wajen digiri 40, man da aka yi don aikin kuwa da yawansu sai sun kusa ko sun haura 100. Kuma ko da man kirki ne, tartsatsi ya kasance a nitse, mai ya rufe shi da aƙalla yatsu uku. Wuta a saman mai take tashi, inda tururi ya haɗu da iska. Na taɓa ganin wanda ya ɗaure makunnin da ke kashe inji idan mai ya sauka, wai yana damun sa da tsayawa. Ban ƙara barin sa shi kaɗai da injin ba.

Sadiq (ɗalibi):
Allah ya saka Alhaji. To gilashi fa, ko tangaran, ana iya yanka su da shi?

Injiniya Hadiza:
A'a, sai abin da lantarki ke bi ta cikinsa. Gilashi da yawancin tangaran ba sa ɗauka. Abin mamakin shi ne ana yanka bakin kayan aiki na lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta, don akwai kobal tsakanin ƙwayoyinsa da ke ɗaukar wutar. Kuma ƙananan ramukan sanyaya fukafukan cikin injin jirgin sama, waɗanda ake yi da gaurayen nikel mai wuyar hudawa, da yawa da tartsatsi ake huda su, da siririn bututun tagulla ko jan ƙarfe da ruwa ke bi ta cikinsa da ƙarfi. A can ma faɗan da ake yi kan ɓawon nan ne, suna da iyakar kaurin da suke karɓa, don tsagar maikron kaɗan a ƙarfen da ke juyawa cikin zafi tana girma.

Kabiru Tula:
Mun tafi jirgin sama mun bar fancin Garba a ƙasa. Ba wanda ya tambayi tazara tsakanin namiji da mace. In ta yi kaɗan ko ta karkata gefe ɗaya, baki zai ɓantare ko da mala'iku ne suka yi lasar.

Baba Isa:
Wannan ka yi gaskiya Kabiru. Farantin ƙarfe mai laushi ana ba shi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kaurinsa a kowane gefe. Milimita 2 ke nan 0.1 zuwa 0.2. Garba ka duba ɓantarewar, zagaye take ko gefe ɗaya ta fi yawa?

Garba Mai Fanci:
Na ba da 0.12 kowane gefe a zane. Ɓantarewar kuma ko'ina ce Baba, ba ta zaɓi gefe ba. Amma ban auna abin da ya fito daga injin ba, na yarda da zane kawai.

Injiniya Hadiza:
Ko'ina ɗin ya fi nuna ɓawo, amma ka auna duk da haka. Kuma kada ka jefar da macen. Ka ƙarasa fasa ta ka duba fuskar tsagar da kyau a haske. In duk fuskar sabuwa ce fes, launin toka mai haske, a wurin bugawa ta tsage. In kusa da kusurwar akwai wurin da ya yi tsatsa ko ya dafe, to ruwan injin ya shiga ciki, wato ta fara tsagewa tun tana kan injin waya, bugawa ƙarasa ta kawai ya yi.

Garba Mai Fanci:
Salam. Na dawo da rahoto, ku yi haƙuri da jinkiri. Na fasa ta jiya da yamma. Daga kusurwar zuwa kamar milimita 4 ciki fuskar ta yi ja-ja kamar tsatsa, daga nan zuwa ramin noti kuma fes take. Gani ya kori ji. Ashe da tsagarta na ɗauko ta na ɗaura a inji ina murna.

Na auna tazarar kuma, ta fito kusan 0.09 maimakon 0.12. Ina jin maganar ramewar waya ce da Nura ya yi.

Nura Waya:
Ita ce, in waya ta rame hanyar da take bari tana tsukewa, ramin mace ya fito ƙarami, namiji ya fito babba. Kuma duk da ɗan'uwana ne a sana'a, ba zan wanke shi tas ba. Wanda aka kawo wa curin D2 mai kauri a cike ya kamata ya tambayi yadda aka yi tempa kafin ya zura waya, ya kuma faɗa wa mai aiki cewa zagaye ɗaya injinsa ke yi.

Kabiru Tula:
Mai tanderun ma haka. "Haka nake yi wa kowa" ba amsa ba ce. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa 58 ta yi ƙasa, amma ƙarfenka ne.

Garba Mai Fanci:
Na ji Oga Kabiru, zan roƙi 59 in ta samu. Ga abin da na tsara: zan buɗe tsakiyar macen a milin (injin sassaƙa ƙarfe) tun tana ɗanya, tempa sau biyu a 500 da ɗoriya, mai kayan ya yarda da lanƙwasar 0.5 a kusurwoyi, na janye ramin noti, kuma na samu mai injin tagulla da zai yi fasawa ɗaya da lasa uku. Saura tambaya biyu. Kaurin ƙarfe nawa zan bar wa waya ta yanke a gefen ramin? Sannan namijin, daga gefen curi za a shigo ko shi ma a huda masa rami?

Nura Waya:
Ka bar milimita 2 zuwa 3 zagaye. Kada ka rage ƙasa da haka sosai, don ban-ruwa zai ɗan motsa ta, kuma waya ta fi son ta yi fasawa da ƙarfe a gefenta biyu, ruwa ya fi zama a hanyar. Namijin a huda masa rami a cikin curin tun kafin ban-ruwa, nesa da gefe da kamar milimita 5 ko fiye. In aka shigo daga waje curin yana buɗewa kamar almakashi, aikin ya goce. A bar masa ɗan wurin riƙo, a gama lasar sauran gefunan tukuna, sannan a yanke riƙon a goge wurin da dutse.

In ka gurza fuskokin a tebur mai maganaɗisu bayan tempa, ka cire maganaɗisun da ya rage a jikin ƙarfen kafin ka kawo. In ba haka ba garin yana mannewa a hanyar waya ya ƙi fita, waya ta yi ta tsinkewa, kowace tsinkewa kuma tana barin layi a jikin aikin.

Baba Isa:
Bayan lasa ukun ma ka bi bakin da dutsen hannu mai laushi da ɗan mai, a tsaye, yadda namijin ke shiga da fita, ba a kwance ba. Minti goma ne. Guntun macen mai tsatsar kuma ka kai wa mai tanderun ya gani da idonsa kafin ka ba shi sabuwar.